Filin Amsa Tambayoyinku: Jitar Bes, Amfilifaya da Zaman Ƙungiyar Kiɗa

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan jitar bes suke, mai kaurin muryar nan da ba a cika lura da ita a waƙa ba sai ta yi shiru. Mun haɗe masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Ina so in fara koyon bes, kuma kuɗin jita ɗaya gare ni. Wani ya ce in sayi mai tsirkiya biyar tun yanzu don kada in sake saye nan gaba, wani ya ce huɗu ta isa. Sannan mene ne bambancin Precision da Jazz da nake ta jin ana ambato?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi mai huɗu. Tsirkiyoyinta daga mai kauri zuwa siririya su ne E, A, D da G, kuma ta E tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa, wato haz 41. Mai biyar ana ƙara mata B ne a ƙasa, wajen haz 31. Idan ka ƙirga, sautuka biyar kacal ta ba ka waɗanda mai huɗu ba ta da su. A madadin haka wuyanta ya fi faɗi, ta fi nauyi, an ƙara maka tsirkiya guda da za ka riƙa toshe wa baki a kowace daƙiƙa, sannan ƙaramar amfilifayar koyo ba ta iya fitar da B ɗin yadda ya kamata, sai dai ka ji wani ɓuɓɓuka. Inda mai biyar take da hujja shi ne idan ka riga ka san ƙungiyar da za ka shiga waƙoƙinta a kibod ake tsara su, inda ake yawan sauka D ko abin da ke kusa da ita a can ƙasa. To a nan kam tun ran gini tun ran zane, ka fara da biyar ɗin hannunka ya saba.

Precision ita ce wadda Leo Fender ya fitar a 1951. Sunan nata ya samo asali ne daga ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, waɗanda ake kira firet, domin su ne suke sa sauti ya faɗa daidai inda ake so, ba kamar ƙatuwar bes ta tsaye ba da sai an laluba da kunne. Tun 1957 maɗaukin sautinta, wato fikof, guda ɗaya ne da aka raba gida biyu. Muryarta cikakkiya ce a tsakiya, ba ta da fi'ili, tana zama daram a cikin kiɗa. Jazz ta zo a 1960 da fikof biyu da wuya siriri, milimita 38 a can sama kusa da kai, alhali na Precision daga wajen milimita 41 yake farawa. Jazz ta fi ba ka launukan sauti: fikof na kusa da wuya mai taushi, na kusa da gada, wato ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi a jikin jita, mai kaifi kamar ana magana ta hanci. Yawancin jitocin da za ka gani, ko sunan wa aka rubuta a kansu, jikokin waɗannan biyun ne, har akwai masu haɗa fikof na kowacce a jiki ɗaya. Squier, Yamaha da Ibanez duk suna yin na masu farawa da ba za su ba ka kunya ba.

Amma kafin sauti, hannu. Ka rataya jitar a kafaɗa ka tsaya, ka saki hannuwa biyu. Idan kanta ya rinjaya ƙasa, to hannun hagunka zai ƙare ne a ɗaukar kaya maimakon kiɗa. Nauyin da aka saba wajen kilo 4 ne, wadda ta doshi 5 kuwa bayan awa biyu a tsaye kafaɗarka za ta ba ka labari. Tsawon tsirkiya da aka saba inci 34 ne, kimanin santimita 86. Yaro ko mai gajeren hannu ya nemi mai inci 30, ba abin kunya ba ne, manyan makaɗa suna amfani da ita.

Sai batun masu batir. Music Man StingRay ta 1976 tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari na sa ɗan injin gyaran sauti a cikin jikin jita. Yana da amfani, sai dai ga mai farawa mun fi son marar batir. Abin lalacewa kaɗan ne, maɓallan murɗawa biyu ko uku ne, kuma tana tilasta maka ka nemi sautin a yatsunka.

Tambaya: An kawo mini jitar hannu, mai ita ya ce shekara biyu tana ajiye. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wuya, Malam. Komai na jikin bes ana iya canza shi da sauƙi, wuya ne idan ya mutu jitar ta mutu.

Ka ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ka leƙa daga kai zuwa gada ta gefen tsirkiyar E, sannan ta gefen G. Ɗan lanƙwasa kaɗan kamar baka daidai ne. Abin gudu shi ne gefe ɗaya ya lanƙwashe ɗayan ya miƙe, wannan murɗewa ce, gyaranta ya fi ƙarfin mai koyo. Daga nan ka nemi izinin mai ita ka sa alanki a sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ka ɗan sassauta ta kaɗan ka mayar. Idan ta ƙi motsi, ko bakinta ya cinye alanki yana zamewa, ko tana juyawa sakaka ba ta kama komai, ka mayar masa da kayansa cikin mutunci.

In wuya ya ci jarrabawa, sai ka jona ta a amfilifaya ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙarshe. Ka duba firet biyar na farko ko tsirkiya ta haƙa musu rami. Za ka iya cin karo da sauti ɗaya da yake mutuwa da wuri, galibi a tsirkiyar G tsakanin firet na 5 da na 7. Wannan halin irin waɗannan jitoci ne, katakon wuya ne yake shanye sautin, ba lalacewa ba ce, sai dai in ya yi muni. Ka jijjiga kan waya a ramin jona: in sauti yana yankewa, ramin ya saki. Ka murɗa maɓallai: in suna ƙarar yashi, datti ne. Waɗannan biyun, da tsatsar tsirkiya, da ƙujewar fenti, ƙananan abubuwa ne, dalilin neman ragi ne kawai. Tsagewar fenti siririya inda wuya ya haɗu da jiki ma ta zama ruwan dare. Tsagewar da ta shiga katako a bayan kai, kusa da firet na farko, ita ce ba a wasa da ita.

Tambaya: Tsirkiyoyina sun yi nisa da wuya, yatsuna suna ciwo. Na sassauko da su daga gada sai suka koma zizar ƙarfe. Jitar ce ba ta da kyau?

Amsa: Da wuya a ce jitar ce. Ka fara gyaran ne daga tsakiya. Saitin bes yana da jeri, kuma kowane mataki yana taɓa na gaba da shi, shi ya sa in aka tsallake ɗaya sai a yi ta zagaye.

Da farko ka saita muryar tsirkiyoyi daidai, domin tare suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, duk awon da aka yi suna sake aikin banza ne. Sannan ka auna lanƙwasar wuya. Danne tsirkiyar E a firet na farko da kuma na ƙarshe lokaci guda, wani ya riƙe maka ɗaya in hannu bai isa ba. Yanzu tsirkiyar ta zama maka rula. Duba ratar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Wajen milimita 0.3 ake nema, kaurin katin takarda mai ɗan tauri. In ratar ta yi yawa, ka ɗaure sandar cikin wuya, wato ka murɗa yadda hannun agogo yake tafiya. In babu rata sam, tsirkiya tana kwance a kan firet, ka sassauta. Kada ka wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. Ka murɗa, ka sake saita murya, ka ba katako ɗan lokaci ya zauna, ka sake aunawa. In ka ji sandar ta cije, ka tsaya nan, ƙarfi ba ya aiki a wurin nan, karyewa take yi.

Sai bayan wuya ya daidaita ake zuwa gada. Kowace tsirkiya tana zaune a kan ɗan sirdinta mai ƙananan kusoshi biyu. Ba tare da danne komai ba, auna daga saman firet na 17 zuwa ƙasan tsirkiya: kimanin milimita 2.4 a E, milimita 2 a G, na tsakiya su bi gantsarewar allon wuya. Wannan mafari ne kawai. Mai sanyin hannu zai iya sauka ƙasa da haka, mai dukan tsirkiya da ƙarfi dole ya ɗaga.

Zizar kanta tana gaya maka inda ciwon yake in ka saurara. Ziza a firet biyar na farko, wuya ya miƙe da yawa, a sassauta sanda. Ziza daga firet na 12 zuwa sama, sirdi ya yi ƙasa. Ziza a firet guda tak, na gabansa ne ya taso, aikin mai gyara ne. Ziza a buɗaɗɗiyar tsirkiya da take ɓacewa da zarar ka danna, tsagin matashin da ke kusa da kai ne ya zurfafa. Kuma ka sani ɗan zizar da kunne yake ji a ɗaki amma ba ta fita ta sifika, ba matsala ba ce.

Mataki na gaba shi ne gaskiyar sauti a tsawon wuya. Saita buɗaɗɗiyar tsirkiya da na'urar saita murya, sannan danna firet na 12. Dole na'urar ta nuna harafi ɗaya, allura a tsakiya. In sautin ya haura, ja sirdi baya, tsirkiya ta ƙara tsawo. In ya gaza, turo shi gaba wajen wuya. Na ƙarshe shi ne tsayin fikof: danne firet na ƙarshe, ka bar wajen milimita 3 tsakanin tsirkiya da fikof. In ya matso da yawa maganaɗisunsa yana jan tsirkiya, sauti ya riƙa rawa kamar mai jin sanyi.

Katako yana shan laima yana amayarwa, saboda haka duk lokacin da yanayi ya juya daga damshi zuwa bushewa sai an sake dubawa. Kada kuma a bar jita a rufaffiyar mota cikin rana.

Tambaya: Yayana yana da amfilifayar jita ta yau da kullum. Zan iya jona bes a ciki?

Amsa: A ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ba abin da zai faru. In kika ƙure ta, 'yar'uwa, sifikar ce za ta tafi. Mafi kaurin sautin jita haz 82 ne, na bes rabin haka, kuma kaurin sauti yana sa takardar sifika ta yi doguwar kai da kawowa da ba a gina ta dominta ba, balle in bayan akwatin a buɗe yake. Da kin ji ta fara fat-fat, ki rage. Amfilifayar kibod ta fi dacewa da aro.

Tambaya: Amfilifayata mai wat 40 tana girgiza ɗakina, amma da na je gwaji da ƙungiya ko kaina ba na ji. Wat nawa nake bukata? Ko in ƙara akwatin sifika na biyu?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma rabin amsarta ba ta kuɗi ba ce.

Mu fara da ta kuɗin. Kunnen ɗan'adam ba ya jin kaurin sauti da sauƙi kamar yadda yake jin na tsakiya, kuma tura iska da yawa yana cin wuta. Shi ya sa mai jita da wat 30 zai iya binne mai bes da wat 100. Wat 15 zuwa 40 na ɗaki ne. In akwai mai ganguna, ka nemi 200 zuwa 300, in hannunsa mai nauyi ne 500 ba ɓarna ba ce. Ba don ka ƙure ta ba, don ta riƙa aiki tana numfashi. Sai dai kada lamba ta ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin ƙara, ɗan ƙari ne da za a ji amma ba ninki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Ƙara yawan sifiku ya fi saurin biyan bukata. Sifika biyu masu inci 10 ko guda mai inci 15 sun isa ƙaramin wuri, huɗu masu inci 10 sun isa yawancin dandamali. Sa'ar makaɗan yau ita ce nauyi: kai, wato amfilifayar da ba ta haɗe da sifika, na Ampeg SVT na 1969 mai wat 300 ya kusa kilo 40, alhali yanzu akwai kai mai wat 500 da bai kai kilo 3 ba.

Kafin ka haɗa akwati na biyu, juya bayan amfilifaya ka karanta mafi ƙarancin om, wato ma'aunin turjiyar da sifika take yi wa wuta, da take ɗauka. Yawanci 4 ne. Akwati biyu masu om 8 in an haɗa su yadda aka saba suna zama om 4, lafiya lau. Mai 8 da mai 4 suna zama wajen 2.7. Biyu masu 4 suna zama 2. Waɗannan biyun na ƙarshe za su sa amfilifaya mai iyakar 4 ta yi zafi ta kashe kanta, wani lokaci ta ƙone. Wat ɗin da aka rubuta a kwali ma galibi a om 4 ake samunsa, da akwati ɗaya mai 8 abin da za ka samu bai fi rabi da ɗan ɗori ba. Wayar da ke haɗa kai da akwati kuma lallai ta zama wayar sifika. Ta jita kama kawai suka yi a ido, cikinta siriri ne, za ta yi zafi. In amfilifayar mai kwalabe ce irin ta da, kada a kunna ta ba a jona sifika ba.

Yanzu rabin da ba na kuɗi ba. Kusan duk mai koyo a ɗaki yakan ƙure maɓallin bes, ya ƙara tirebul na siririn sauti, ya kashe mid na tsaka-tsakin sauti, domin shi kaɗai abin yana da daɗi. A cikin ƙungiya kuwa can ƙasa gangar ƙafa ta riga ta zauna, can sama faya-fayan ƙarfe da jita sun cika. Wurin da ya rage maka shi ne tsakiyar da ka kashe da hannunka. Mayar da maɓallan uku tsaka-tsaki. Ƙara mid kaɗan, tsakanin haz 500 da 1000 in akwai zaɓi. In sauti ya yi taɓo, rage wajen haz 200 zuwa 300, ko ka rage bes ɗin kansa. Kai kaɗai za ka ji ta koma kamar ƙaho, da kowa ya shigo za ka ji kowane sauti tas. Maɓallin gen kuma, mai daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa daga jita, ka ɗaga shi kana kiɗa da ƙarfinka na gaske har jar fitila ta fara ƙiftawa, ka ɗan ja baya, sannan ka nemi ƙara da masta, wato babban maɓallin ƙara.

Wurin ajiye akwati ma yana da nasa. Kusurwar ɗaki tana kumbura kaurin sauti har ya zama gurnani. In kuma kana tsaye dab da akwatin da ke ƙasa, gwiwoyinka ne suke saurare, na bayan ɗaki kuma suna kuka da kai. Ka jingina shi ya kalli kunnenka, ko ka ɗora shi a kan wani abu mai ƙarfi, ka matsa gaba taku biyu ko uku.

A babban wuri ba amfilifayarka ce take cika fili ba, manyan sifikun taro ne. Injiniyan sauti zai ɗauki bes ɗinka ta ɗan akwatin DI, mai karɓar sauti kai tsaye daga jita, ko ta ramin mai haƙori uku da ke bayan amfilifaya, ya kai miksa. A nan taka ta jin kanka ce kawai. In ya ce ka rage, ka rage, shi ne yake jin abin da jama'a suke ji.

Tambaya: Bes ɗina tana wani gunji da ba ya yankewa. In na taɓa tsirkiya sai ya ragu. Wani lokaci kuma sautin yakan dishe yana karkarwa.

Amsa: Matsala biyu ce daban. Gunjin da yake raguwa in ka taɓa tsirkiya yana nufin wayar ƙasa ta gada tana aiki, jitar ce take kwasar hayaniyar wuta daga fitilu, caja, firji da makamantansu. Maganinsa a shimfiɗa takardar tagulla mai manne a cikin ramin wayoyi a haɗa ta da ƙasa. In Jazz ce, buɗe fikof biyun gaba ɗaya, suna kashe gunjin juna, guda ɗaya shi kaɗai dole ya ɗan yi. In kuwa taɓawar ƙara gunjin take yi, to an juya wayoyin ramin jona. Gunjin da ba ya zuwa sai an haɗa da miksa, danna maɓallin yanke ƙasa da ke jikin DI. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne cire haƙorin ƙasa na filogin amfilifaya. Gunji zai iya tafiya, amma in wuta ta zube a ciki, tsirkiyar da ke hannunka da makirfon da ke bakinka su ne hanyarta.

Dishewar kuwa, in jitarka mai batir ce, batir ɗin ne mai bolt 9 ya kusa ƙarewa. Ramin jona shi ne makunninta: muddin waya tana ciki batir yana ci, ko da amfilifaya a kashe take. Ka riƙa zare waya in ka gama, ka ajiye sabo guda a jaka. Kafin ka kwance komai dai, gwada wata wayar. Ita ce ta fi yawan laifi, ita ce kuma ake tuhuma a ƙarshe.

Tambaya: Na iya waƙoƙin, ba na kuskuren sauti, amma shugaban ƙungiya ya ce ba na zama da mai ganga. Me yake nufi?

Amsa: Yana nufin lokaci, kuma lokaci a bes gida biyu ne: inda sauti ya fara da inda ya ƙare. Yawancin masu koyo na farkon kawai suke kula da shi.

A gwaji na gaba ka tsaya inda za ka ga ƙafar mai ganga. Ka roƙe shi ya buga baiti ɗaya ku biyu kawai. Kai kuma ka riƙe sauti guda, ka buga shi duk inda gangar ƙafa ta faɗi, ba ƙari. Ku yi ta yi har a daina jin abu biyu, a ji kamar gangar ce ta yi murya. In kana jin "fa-dum" maimakon "dum", ɗayanku ya riga ɗaya. Ba dole ne bes ta bi ƙafa a kowane bugu ba, amma sai ka iya bin ta kafin ka san inda za ka rabu da ita da gangan.

Sannan tsawon sauti. Buga layi ɗaya kana barin kowane sauti ya kai har na gaba. Sake buga shi kana yanke sautin daidai lokacin da ƙaramar ganga za ta faɗi. Sautukan ba su canza ba, amma na biyun zai sa kai ya fara kaɗawa, domin ka buɗe wa gangar ƙofa. Yankewar da hannu biyu ake yi. Yatsun hagu su ɗan saki ba tare da sun bar tsirkiya ba, su kuma kwanta a kan sirarar da ba a bugawa. Babban yatsan dama ya zauna a kan mai kaurin da ke sama da wadda kake bugawa, yana sauka yana hawa tare da kai. Buɗaɗɗiyar tsirkiya da aka bari tana kuka a ƙarƙashin kiɗa ita ce take dagula ƙungiya, mutane su rasa daga ina ƙazantar take fitowa.

A gida, metironom, wato na'urar da ke yin ƙara a kan kowane bugu don tsare lokaci. Fara a bugu 60 zuwa 70 a minti, domin a hankali ne asiri yake tonuwa, gudu yana rufa shi. In ka zauna, ka ɗauki ƙarar a matsayin bugu na 2 da na 4 kaɗai, kai ka samar da na 1 da na 3. Daga baya ka bar ƙara ɗaya a kowane huɗu. Ka kuma ɗauki gwajinku da waya ka saurara washegari. Ba daɗi, amma za ka ji da kunnenka inda kake gaggawa, kuma kusan kullum wajen shiga amshi ne ko bayan wata 'yar kwalliya.

Akwai wanda ba ka ambata ba da ya kamata ku zauna: mai kibod. In hannun hagunsa yana yawo a can ƙasa inda kake, ko sautukanku duk daidai ne sai sun yi karo, domin kaurara biyu da suke kusa da juna gurnani suke haifarwa. Ku yi yarjejeniya tun a gwaji, ya hau sama ya bar maka ƙasa, ko kuma a wurin da zai sauko ku buga abu ɗaya sak. Duk lokacin da kod, wato haɗin sautukan da ake bugawa tare, ya canza, ka ba su tushensa, sautin da aka gina shi a kai, a bugun farko, da shi mawaƙi yake gane inda yake. Kwalliya kuma a ajiye ta sai inda murya ta numfasa. Zai taimake ka ƙwarai ka haddace jerin kod ɗin waƙa da lamba maimakon harafi, misali 1, 4, 5, 6. Ranar da mawaƙi ya tashi da mura ya ce a sauke waƙar, matsar da hannu kawai za ka yi, siffar ba ta canzawa. In ka ɓace a tsakiyar waƙa, ka yi shiru ka jira bugun farko na gaba, ya fi lalube da ƙarfi.

Tambaya: Wace irin tsirkiya zan saya, kuma wane fedal zan fara da shi?

Amsa: Kaurin da aka fi amfani da shi .045 zuwa .105 na inci. Masu kaushi suna da haske da ƙara, suna dusashewa cikin watanni. Masu santsi muryarsu a lulluɓe take, ba sa cin firet, suna yin shekaru. Ka goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, ka canza su ɗaya bayan ɗaya, in kuma ka sauya kauri ka sake saitin wuya. Fedal na farko shi ne na saita murya, mai yanke sauti in an taka, don kada jama'a su sha gyaranka. Na biyu, in ana so, mai daidaita ƙarfin bugu, a sa maɓallinsa na matse ƙara a wajen 4 bisa 1. Sauran su jira tukuna.

Tambaya: Bayan kowane gwaji kunnena yana ƙara har washegari. Zai saba?

Amsa: Ba sabo ba ne, rauni ne, kuma ƙwayoyin jin da suka mutu a cikin kunne ba sa sake tsirowa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar shi ne desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi. Wato a desibel 100 minti 15 ne, kuma ƙaramin ɗaki da ganguna a ciki yana kai wa nan cikin sauƙi. Ka nemi matoshin kunne na makaɗa, masu rage ƙara daidai wa daida ba tare da sun lulluɓe sauti ba. Na soso ma sun fi babu, kuma mai bes ya fi kowa iya jure su tunda kauri yana ratsa su. Ka matsa daga gefen faya-fayan ƙarfe, su ne suka fi yanka. In ƙarar ta wuce kwana biyu ba ta lafa ba, ko kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, ka je wurin likitan kunne ba tare da jinkiri ba, ka kuma dakatar da gwaji har ya duba ka.